Fuskar Yaya Gaba Ɗaya

Abin da yarinyar ta zo nema ba wani abu ba ne mai wuya. Hoton ubanta take so, guda ɗaya tak, wanda fuskarsa ta fito sosai.

Ta iske Farfesa a ofis da hantsi, an fito daga lacca ke nan, ɗalibai na ta watsewa a baranda. Farfesa ƙanwar uban ce, gwaggon yarinyar ke nan, kuma ita ce shugabar sashen cututtukan fata a asibitin koyarwa. Yarinyar kuwa tun tana rarrafe ubanta ya laƙaba mata Tsuntsuwa, don bakinta ba ya hutawa. To ranar Tsuntsuwa ta zauna a kujerar marasa lafiya, jaka a kan cinya, ta gaishe da gwaggonta, daga nan ta yi gum. Makonni kaɗan ke nan da rasuwar uban, har yanzu idonta bai washe ba.

Sai da Farfesa ta tambaye ta karatu, ta tambaye ta jikin mamanta, ta rasa abin tambaya, sannan yarinyar ta ce, "Gwaggo, in na rufe ido don in ga Baba, bandeji nake gani."

Ta ce ta yi iya ƙoƙarinta ta tuna fuskarsa ta da, kafin a cire kunnen, kafin a gyara hancin, amma abin ya gagara. Sun zazzage akwatunan gida ita da mamanta. Duk hoton da suka ɗago, Baba na ciki da malafa mai faɗin baki da baƙin tabarau, inuwa ta cinye rabin fuskar. Na katin shaida kuwa ba a magana, hasken kyamara ya wanke shi fes, sai wani farin dabbare da ido a runtse.

"Mama ta ce in zo wurinki. Ta ce duk duniya ba wanda ya ɗauki Baba hoto kamar ke."

Farfesa ta ce ai wannan gaskiya ne, hotunan Yaya kam tana da su jibgi, ta dawo jibi za ta tarar an wanke mata mai kyau an sa a firam. Har wani sanyi ta ji a ranta. Tun ranar da aka yi rasuwar take yawo da hannuwa biyu ba ta san inda za ta ajiye su ba, yau ga aiki ya samu.

Yaya zabiya ne. Su biyu iyayensu suka haifa, shi babba, ita auta, kuma da ubansu ya rasu shi ya ajiye karatu ya shiga leburanci a wuraren gini don ita ta ci gaba da nata. Kansa a buɗe yake ɗaukar bulo, rana na dukan fatar da ba ta da abin kare kanta. A lokacin wa ya san rana na kisa? Ya dawo gida wuya ya yi jajir, ya saɓule, a shafa masa mai, gobe ya koma. Ita ba ta san abin da rana ta shuka a jikinsa ba sai da ta kai aji huɗu a makarantar likita, aka haska musu hoton wani kunne a bango, ta ga kunnen Yayanta sak. Ranar ba ta iya cin abinci ba.

Shi ya sa ta zaɓi fata. Abokan karatunta suka yi ta yi mata dariya, wai duk ƙoƙarin nan nata a kan ƙuraje da makero za ta ƙare. Ko a jikinta. Ta tafi ta koyo fiɗar ciwon dajin fata, irin wadda ake yi da haƙuri: a yanke siririn yanki, a bar majinyaci yana jira, a kai yankin ƙarƙashin madubin ƙara girma a duba bakinsa. In akwai sauran ciwo a gefe guda, a dawo a ƙara yankewa daidai wurin, a sake dubawa, har sai baki ya fita tsaf. Kowane komawa sai ta ce wa majinyaci, saura kaɗan. Da haka ɗalibai suka sa mata suna Saura-Kaɗan, a bayan idonta mana, don wanda ya isa ya faɗa a gabanta ba a haife shi ba. Mace ce da ba ta ɗaukar wargi. Ɗalibi ya kawo mata hoton ciwo babu rula a gefe, sai ta miƙa masa abinsa ta ce ya kai wa budurwarsa, wannan hoton yawon shan iska ne.

Mutum ɗaya ne yake wasa da ita yadda ya ga dama, shi ne Yaya. Abokan aiki sun sha gaya mata likita ba ya yanka jininsa, ta kuma san gaskiya suka faɗa, amma Yaya ya rantse ba mai kusantar fuskarsa da aska sai Auta. Ya bar gini tuni, ya buɗe ɗan shago yana gyaran rediyo da fanka, yana kai abu dab da hancinsa kafin ya gani. Duk bayan 'yan watanni sai ya zo asibiti, ya hau gado, ya cire malafa ya ɗora a ciki, ta ɗauki hoto, ta yanke abin da za ta yanke. Yana kwance yana tsokanar ma'aikatan jinya. Wai shi ne ɗalibi mafi daɗewa a sashen, an ƙi yaye shi. Wai kunnensa na hagu ya zaga ƙasashen duniya a taron likitoci, shi kuwa mai kunnen ko filin jirgi bai taɓa shiga ba. In ta ce saura kaɗan, sai ya ce, eh, saura kaɗan ki cinye ni.

A gida ma haka. Ta shigo da sallama, ta durƙusa gaishe shi, amma idonta ya riga ya tafi bayan kunne, ya sauko gefen hanci, ya duba leɓe. Sai ya kama haɓarta kamar tana yarinya ya ce, "Likita, gaishe ni tukuna, kya gaisa da kunnena daga baya." Ta yi dariya ta ture hannun, ta ci gaba da dubawa. Malafar nan da tabarau da riga mai dogon hannu duk dokarta ce. Ta taɓa ganin sa a taron dangi ya cire malafa za a ɗauki hoto a tsakar rana, ta taso tun daga nesa tana faɗa, a gaban surukai da kowa, sai da ya mayar. Tun daga ranar bai sake cirewa ba, ko tana nan ko ba ta nan. Ya ce gara zafin malafa da bakin Auta.

Da Tsuntsuwa ta tafi, Farfesa ta ce wa sakatariya kada a shigo mata da kowa. Ta jawo kwamfuta ta buɗe ma'ajiyar da ke ɗauke da lambar fayil ɗin Yaya. Hotuna suka zubo, shafi bayan shafi, na shekara da shekaru.

Kunnen hagu, da rula a gefe. Kunnen hagu bayan fiɗa. Gefen hanci. Leɓen ƙasa, an ja shi da yatsa mai safa. Ƙeya. Bayan hannu. Goshi, an zagaye wani tabo da shuɗin alƙalami. Hotuna ne masu kyau, wallahi, haske daidai, kowane gashi ana ƙirga shi. Da su ta koyar da likitocin da yanzu suke da nasu ɗaliban, da su ta rubuta takardun da suka kai ta kujerar da take kai. Ta yi ta gangarawa ƙasa tana cewa yanzu za ta gani, yanzu za ta gani. Shayin da aka kawo mata ya huce, ya yi fata a sama. Ta kai ƙarshe ta dawo farko. Babu hoto ko ɗaya da aka ja baya aka ɗauki mutumin.

Amma Farfesa ba ta saba karɓar a'a ba. Washegari ta sa aka buga mata su a takarda, ta kulle ƙofa, ta share teburin, ta shiga jera su: goshi a sama, kunne nan, kunne can, hanci a tsakiya, leɓe a ƙasa. Tunaninta ko za a kai wa masu haɗa hoto su daidaita. Kai, abin da ya fito a teburin nan ba ya kalluwa. Kunne ya fi kumatu girma, goshin na saurayi ne, haɓar ta dattijo, ko'ina rula, ko'ina shuɗin alƙalami, wurin idanu kuma katakon tebur ne kawai, don ciwon bai taɓa zuwa ido ba balle ta ɗauka. Ta tattara su da sauri ta kife, kamar wani zai shigo ya kama ta.

Sai ta yi abin da yarinyar ta ce tana yi. Ta jingina da kujera ta rufe ido, ta kira Yaya. Kunnen ya zo, da ɗan lanƙwasar da ke samansa. Tabon gefen hanci ya zo, har ta san ɗinki nawa ta yi masa. Muryarsa ta zo, da ƙamshin man da take tilasta masa shafawa. Fuskar ce ta ƙi zuwa. Ta yi, ta yi, ta ƙi haɗuwa. Mutumin da ya goya ta, ya kai ta makaranta a kan keke, wanda ta fi kowa sanin fatarsa a duniya, ta nemi fuskarsa a cikin kanta ta rasa. Kuka ya ƙwace mata irin wanda ba ta yi ba ko ranar rasuwar, ta toshe baki da gefen farar rigarta don kada sakatariya ta ji.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kwanakinsa na ƙarshe. Ciwon bayan kunnen ne ya bi jijiya ya shige ciki, inda aska ba ta kaiwa. An cire kunnen, an gasa wurin da na'ura, an yi duk abin da ake yi, baki ya ƙi fita. Aka mayar da shi gida. Kullum da yamma tana zuwa wanke ciwon da kanta, don ba ta yarda da hannun kowa ba. Wata rana tana cikin aikin ya ce mata, murya ƙasa-ƙasa, ta cire safar hannun nan ta zauna su yi hira, matarsa za ta ƙarasa. Ta ce to, Yaya, saura kaɗan. Ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe, ta gyara bakin bandejin da ya karkace. Da ta cire safar ta jawo kujera, barci ya ɗauke shi. Bayan wannan bai ƙara yin doguwar magana da kowa ba.

Tana share ido ne abin ya faɗo mata. Takardarta ta farko, wadda ta rubuta tana ƙaramar likita, tana da hoton fuska gaba ɗaya, don a lokacin so take ta nuna yadda tabban suka bazu. Ta miƙe ta sauko da tsohuwar mujallar daga saman kanta. Ga shi nan kuwa, ɗan mitsitsi, dishi-dishi, da baƙin layi a kan idanu kamar yadda doka ta ce a rufe don kada a gane majinyaci. Wannan ba zai yi ba. Amma asalin hoton, babba, ta san ta manna shi a allon kwali tana koyarwa da shi kafin zuwan kwamfuta.

Ta karɓi makullin sito. Ɗaki ne a ƙarshen baranda, cike da karyayyun kujeru da tsohon majigi da kwalaye da ruwa ya taɓa. Farfesa guda, da farar riga, ta durƙusa tana jan alluna ɗaya bayan ɗaya, yanar gizo a ɗankwalinta. Wani ƙaramin likita ya leƙo ya ce ko a taimaka, ta yi masa kallo ɗaya ya ɓace. Can bayan wata kanta ta same shi.

Yaya ne, yana da sauran ƙuruciya, kunnuwa biyu cif, hancinsa nasa na haihuwa, ba malafa. Kuma dariya yake yi. An ce majinyaci ya saki fuska kada ya motsa, shi kuwa ga haƙora a waje, kumatu sun tattare, da gani wata tsokanar ya gama yi. A kan idanun akwai baƙin tef, an yanka shi daidai, an manna shi a miƙe ba karkata. Aikin hannunta ne, ta gane shi. Fim ɗin da aka wanke hoton daga shi kuwa ya tafi tun wani gyaran gini da aka kwashe tarkace aka ƙone.

Tef ne kawai, in ji ta a ranta. Wadda ta raba ciwo da jijiyar fuska ba ta taɓa jijiyar ba, tef ne zai gagare ta?

Ta kai hoton ɗakin da take duba yankan fata, ta kunna fitila, ta sa tabaran fiɗa masu ƙara girma. Ta ɗauki sabuwar aska da matsefata mafi siriri. Ta ɗan ɗumama tef ɗin don gam ya saki, ta sa bakin askar a kusurwar dama, wajen gefen ido, ta ɗaga a hankali, numfashi a riƙe. Hannunta bai yi rawa ba, bai taɓa yi ba. Kusurwar ta tashi kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Ta leƙa ƙarƙashi ta ga farar takarda. Shekaru sun haɗe gam da fuskar hoton sun zama abu ɗaya, duk inda tef ya tashi da hoton yake tashi. Ta gwada ɗaya kusurwar, ta ɗiga ruwan da ake narkar da gam, ta jira. Haka dai. Idanun Yaya na nan manne a bayan tef ɗin, ja ɗaya za ta yi su yage.

A aikinta ba a tsayawa a rabi, haka ta koya wa kowa. Ta daɗe da askar a hannu. Daga baya ta ajiye ta, ta sa bayan matsefata ta danne kusurwoyin biyu suka koma yadda suke.

Tsuntsuwa ta dawo ranar da aka ce mata, da yamma, marasa lafiya sun ragu a baranda. Farfesa ta riga ta yanke kwalin daidai hoton, ta goge ƙurar, ta sa shi a firam. Ta yi niyyar yin bayani, ta ma shirya shi tsaf kamar lacca: dokar rufe ido, yadda gam yake, yadda fim ya ɓata. Da yarinyar ta zauna sai duk ya gudu. Ta miƙa mata kawai, ta ce wannan ne kaɗai, ta yafe mata.

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan gilashin ta bi kunnen hagu, wanda rabonta da ganin sa tun tana sakandare, ta bi hancin, ta tsaya a bakin. Sai ga murmushi da hawaye tare.

"Ashe haka Baba yake da kyau," ta ce. "Dubi dariyarsa. Me ya ce a nan?"

Farfesa ta ce ba ta tuna ba, amma ba ya wuce zancen kunnensa. Suka ɗan yi dariya su biyu, irin wadda ba ta kai ciki. Yatsan yarinyar ya hau sama ya tsaya a kan baƙin layin. Ba ta tambayi dalilinsa ba, 'yar gidan ce, ta san aikin gwaggonta. Ta ɗan kankare gilashin da farce, kamar mai cire datti, sannan ta bari.

"Ke kika ɗauka, Gwaggo?"

"Ni ce."

"To ke yake kallo ke nan." Ta ɗago kai, idonta cike da roƙo. "Yaya idonsa yake in yana kallon ki? Ki gaya mini kawai, ni zan ƙarasa sauran a raina."

Da Farfesa ta iya ƙarya, da ranar ta yi, kuma da ba wanda zai kama ta. Ta buɗe baki ta nemi abin faɗa. Ta tuna ɗakin, ta tuna farin labulen da ta rataya a bayansa, ta tuna har inda ta tsaya da kyamarar. Ta ga ɗan tabon gefen hancin ƙuru-ƙuru, wanda a kansa ta daidaita hoton.

"Ban sani ba, 'yata," ta ce. "Hancinsa nake kallo."

Tsuntsuwa ta mayar da ido kan hoton. Ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta rungume firam ɗin a ƙirji, ta yi godiya kamar yadda aka koya mata, ta ce Mama na jira. A bakin ƙofa ta juyo ta ce Gwaggo ta riƙa zuwa gida mana, ko ba ciwon da za a wanke.

Farfesa ta ce za ta zo. Ta zauna tana jin takun yarinyar har ya ɓace a matakala. Sakatariya ta ƙwanƙwasa a hankali ta ce akwai sauran mutum ɗaya, wani dattijo da aka turo da tabo a kumatu, tun rana yake jira. Aka shigo da shi, ya zauna, ya juya mata kumatun tun kafin a tambaye shi. Ta miƙa hannu ga kwalin safa, sai ta bar hannun a kai ba ta zaro ba.

"Baba, juyo tukuna," ta ce. "Ina wuni?"